Fe-ruj ta riƙa buɗe wa bas hanya: a Maradi wa zai ci riba, wa zai biya?

Tsohon Direban Ɗan Isa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Tambaya gare ni ga masu ilimin hanya, da duk wanda ya taɓa zama garin da ake wanga abu.

Ɗan ƙanena yana karatu a Dakar. Ya turo mini bidiyon doguwar bas ɗin nan tasu mai aiki da lantarki, wadda aka ware wa hanyarta ita kaɗai a tsakiyar titi. Ba kyan motar ya ɗauke mini hankali ba. Abin da na lura da shi, tana doso mararraba sai fe-ruj, wato fitilar ba da hannu, ta ba ta tsanwa, ta wuce abinta, masu gittawa kuwa suna tsaye suna kallonta. Na ce masa sa'a direban ya taka. Ya ce a'a Baba, haka aka tsara, fitilar ta san bas na tafe tun daga nesa.

Na kai maganar fadarmu bayan lisha, kafin a sauke shayi na biyu an rabu gida biyu. Wasu na cewa ai ci gaba ke nan, Allah ya kawo mana. Wasu na cewa son kai ne aka koya wa na'ura, tunda hanya ta kowa ce, wanda ya riga isowa shi ya kamata ya riga wucewa.

Ni abin ya taɓa ni ta fuska biyu. Na daɗe ina jan hiyas daga Maradi zuwa Ɗan Isa, wani loto har Jibiya, kafin ido da gwiwa su sauke ni. Na san zafin tsayuwa da mota cike, rana na dukan kwano, jariri na kuka, don kawai mutum guda bisa babur ya gitta. Yanzu kuwa taya da batir nake saidawa, kuma ina da adaidaita biyu a hannun yara. Duk mintin da suka ƙara a tsaye, daga aljihuna yake fita.

Abu guda na tabbata, lokacin fitila ba ya ƙaruwa don an so. Kamar rabon ruwa ne a gandun noman rani na Jiratawa, in aka ƙara wa wani awa guda, daga kason maƙwabcinsa aka yanko ta. To ina so in san yadda fitilar ke gane bas, da sakan nawa take ƙara mata, da wanda ake rage wa. Kayan kuma wa zai gyara su in ƙurar hunturu ta shige su?

Babbar tambayar ita ce ta garinmu. Ƙidayar 2012 ta ba Maradi mutum 267,000 da ɗoriya, kuma kowa ya ga yadda garin ya miƙe tun daga nan, unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo sun zama garuruwa da kansu. Tun bikin Maradi Kwalliya na 2015, da aka gyara garin dominsa, an samu ƙarin kwalta. Amma wa ke bisa kwaltar? Kabu-kabu, adaidaita, amalanke, sai manyan motocin kaya masu bin hanyar Katsina. Bas ɗin da muke gani su ne na kamfanonin tafiya Yamai da Damagaram, waɗanda yawanci tun asuba suke ɗagawa titi babu kowa, sai na ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai mu ƴan hiyas. In aka kawo wagga dabara nan, taimako ce, ko riga malam masallaci?

Injiniya Ɗan Bagalam, daga Yamai:

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Aikin hanya nake yi, bari in faɗi abin da na sani.

Fitilar ba ta juyewa nan take don ta hango bas. Wannan gatan na jirgin ƙasa ne, da motar kashe gobara ko ta marasa lafiya a wasu garuruwa, su ake tsayar wa da kowa. Bas ɗan sassauci ake mata, kuma iri biyu suka fi yawa. In ta doso tsanwa na gab da ƙarewa, sai a ja tsanwar kaɗan, galibi wajen sakan 10, har ta haye. In kuma ja ta tarar, sai a gajarta tsanwar masu gittawa don tata ta dawo da wuri. Gane zuwanta kuwa, ko dai da waya da ake binnewa cikin kwalta, ko da ƙaramar rediyo a jikin bas mai magana da akwatin fitila, ko da GPS, na'urar da ke nuna inda mota take ta hanyar tauraron ɗan adam. Landan da GPS take yi, tsarin da suke kira iBus, wanda aka gama sa wa bas-bas ɗinsu wajen 8,000 a 2009. Wasu garuruwan ma ba kowace bas ake ba ba, sai wadda ta makara a kan lokacinta.

Ga lissafi, misali ne kawai don a ga yadda ake aunawa. A ɗauka fitila na zagayowa duk sakan 60, rabi naku rabi na masu gittawa. Ƙarin sakan 10 bas ɗaya cikin shida kawai zai amfana, wato wadda ta iso ja na farawa. Amma ita wannan ɗin ta tsira daga tsayuwar sakan 25 ko kusa da haka. In mutum 60 ke cikinta, 60 sau 25 ya ba da sakan 1,500, minti 25 ke nan in aka tara na kowa. A hanyar gefe kuma mu ce akwai babur 15 kowanne da goyo, da adaidaita 5 masu mutum hurhuɗu, mutum 50 ke nan. An ƙara wa kowa sakan 10, jimla 500. Riba ta ninka hasara sau uku. To yanzu sauke fasinjan bas ɗin su koma 10. An ci 250, an zubar da 500, an faɗi. A wannan misalin sai bas ta ɗauki mutum 20 kafin ma a tashi canjaras. Shi ya sa mu kawunan mutane muke ƙirgawa a mararraba.

Akwai abin da ƴan fadarku ba su duba ba. Duk wanda ke hanya ɗaya da bas, tsanwar da aka ja ɗin nan shi ma tasa ce. Adaidaitarka in tana bayan bas ta ci bulus, in gittawa za ta yi ita za ta biya, kuma a yini guda duka biyun za su same ta.

Inda abin ke ɓaci shi ne hanyar gefe in ta riga ta cika maƙil. Layi ɗaya yana sakin ƙaramar mota ɗaya duk sakan 2 ko kusa da haka, saboda haka sakan 10 mota biyar ne aka bari a baya. In hanyar na da sarari, tsanwa ta gaba za ta kwashe su. In babu, layin tsawo zai yi ta yi har ya toshe mararrabar da ke bayansa. Don haka ake sa wa akwatin ƙa'ida, in ya ba bas ɗaya, sai fitila ta zagayo ta rama wa masu gefe kafin ya sake ba wata.

Mai bas shi ma yana da nasa lissafin, kuma shi ne ke jan hankalin hukumomi. In zuwa da dawowa minti 60 ne, kana so bas ta riƙa wucewa duk minti 10, sai ka tanadi shida. In tafiyar ta koma minti 50, biyar sun isa. An huta da sayen bas guda, da direbanta, da gazuwal ɗinta. Sai dai minti 10 ba ya fitowa daga fitila biyar. In ka raba ribar a kan dukan bas-bas, ƴan sakanni ne a kowace fitila, fitila biyar zuwa da dawowa da ƙyar su ba ka minti ɗaya. Garin da ke da fitila talatin a jere kan hanya ɗaya shi ke ganin abin a aljihu. Maradi ba ta kai nan ba.

Kuɗin kuwa ba a ranar saye yake da ciwo ba. Tsohon akwatin fitila mai zagayawa da agogo kawai ba zai iya ba, sai an canza shi. Wayar cikin kwalta ana haƙa ramin famfo ta tsinke. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana cin batir. Ga wuta, ba mu manta da Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa mana, kuma yankin Maradi da Damagaram ta Katsina zuwa Gazawa wutarsa ke shigowa. Sola na magance wannan, amma ita ma tana son mai share ta da mai canza mata batir. In ba a ware albashin mai gyara tun farko ba, kada ma a fara.

Kabu-kabun Sabon Gari:

Yallaɓai injiniya lissafinka ya yi kyau a takarda, amma ka haɗa sakan ɗin da ba iri ɗaya ba. Wanda ke zaune cikin bas sau biyu zai bi ta mararrabar nan a yini, zuwa da dawowa, sakan 25 ko lura ba zai yi ba. Ni kuwa nan ne ofishina. Daga safe zuwa dare ban san iyakar gittawar da nake yi ba, babur ɗin kuma ba nawa ba ne, mai shi ba ya jin labarin fe-ruj, kuɗinsa yake jira da magariba. Esans na ƙonewa ina tsaye, in na kashe kuma tada shi wani aiki ne.

Na biyu, ka san mutanenmu. Mun haddace tsawon kowace ja a garin nan, ƙafa na kan giya tun kafin ta canza. Ranar da ta wuce yadda aka saba, wallahi wani zai ce ta lalace ne, ya saki babur. Guda na fita goma za su bi shi, ga bas ta taho a guje don an gaya wa direbanta hanya tasa ce. Wa zai kwashi mutane a ƙasa?

Alhaji mai adaidaita, kai ma ka buɗe ido. Ba sakan 10 nake tsoro ba, abin da ke biye da shi nake tsoro. Yau a ce bas ta fi mu daraja a fitila, gobe a ce mu bar mata babban titi, jibi a ce mu ajiye. A Kano a 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur, ƴan'uwanmu na can sun san yadda ta kaya. Kuma wace bas ce za ta shiga lungunan Mokoyo da yashinsu, ko ta kai tsohuwa ƙofar gidanta a Ɗan Gulbi da damina?

Malama Uwar Biyu:

Ƙanena mai kabu-kabu, ban raina sana'arka ba, kusan kullum ku ke kai ni lekol. Amma kada ka ce lokacinmu ba kuɗi ba ne. Ƙarfe takwas in ba na cikin aji, yara fiye da sittin ne ke zaune babu malami, darakta kuma yana rubutawa. Abin da nake kashewa a wata kan abin hawa, nawa da na ɗiyana biyu, in na faɗa sai ka tausaya mini. Da akwai bas mai tsayayyen farashi da tsayayyen lokaci daga Zariya zuwa cikin gari, da ni ce ta farko a layi, kuma na san mata da yawa da ba don dole ba ba za su hau babur da goyo a baya da yaro a gaba ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya ɗakin masu karaya ya san abin da nake nufi.

To amma ni ma ina da ƙorafi, kuma ga injiniya yake. Duk lissafinka na masu taya ne. Ina mu masu ƙafa? Lekol ɗinmu tana kusa da babban titi. Da tsakar rana in aka tashi, yara ƴan shekara shida da bakwai ke tsallakawa, wani da silifa ɗaya a hannu, ga masu talla da faranti a ka, ga makaho da ɗan jagora. Su ba su san sakan ba, motoci suke kallo, in sun tsaya sai su shiga. In akwatin nan naka ya gajarta wannan tsayuwar don bas na sauri, yaron da ya kai tsakiyar titi fa? Ko an ce mini bas ta ɗauko mutum ɗari ban yarda a taɓa wannan lokacin ba.

Kuma Baba, in da ni za a tambaya, kafin a sayi na'urar da ke gane bas, a fara da fentin wurin tsallakawa a gaban makarantu, da ɗan sanda ko da na awa ɗaya ne lokacin tashi. Bas ɗin ɗalibai da safe, cike har ƙofa, ai ɗan sanda da usur ɗinsa ma zai iya ba ta hanya, kamar yadda suke yi wa jana'iza da tawagar manya. Wannan ba ya son batir.

Ɗalibi a Dakar:

Baba ina wuni, na ga bidiyon da na turo ya tada ƙura. Bari in ƙara abin da bidiyon bai nuna ba, don kada a ɗora wa fitila abin da ba ita ta yi ba.

Layin nan kilomita 18 ne da ɗan ɗori, daga Petersen a tsakiyar Dakar zuwa Guédiawaye, tasha 23, kuma a watan Mayun 2024 ya fara ɗaukar fasinja. Bas 121 aka kawo masa, kowace tana cin mutum wajen 150. Masu aikin sun lissafa tafiyar da ke cin awa ɗaya da rabi ta koma minti 45. Amma abin da ya kawo wannan, na farko hanyar da aka killace mata da kankare, ba mai shiga. Na biyu, tikiti a tasha ake saya kafin a shiga, ƙofofi su buɗe gaba ɗaya, ba karen mota ba neman canji. Fitila ta uku ce. An kashe sama da biliyan 300 na sefa, da hannun Bankin Duniya da bankin zuba jari na Turai a ciki. Legas ma da ta fara nata a Maris 2008, daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, da ware layi ta fara.

A wani darasi an ba mu misalin Los Anjeles ta Amurka. A 2000 sun fito da bas masu sauri a manyan tituna biyu, ba tare da killace musu hanya ba. Tafiya ta ragu da wajen kashi 25 cikin 100, amma da aka rarrabe, kusan kashi ɗaya cikin uku na ragin kawai ya fito daga fitila. Sauran daga rage yawan wuraren tsayawa ne da makamantansu.

Garin da ya fi burge ni shi ne Zurik ta Suwizalan. A 1973 mutanen garin suka ƙi jirgin ƙarƙashin ƙasa a ƙuri'a, a 1977 kuma suka amince a kashe faran miliyan 200 na ƙasarsu don a ba tarago, wato ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan cikin gari, da bas fifiko a kan titunan da ake da su. Su fitila ta yi musu aiki sosai. To amma tarago da bas ɗin suna nan tun kafin nan, cike da mutane, dabarar ta zo ta tarar da su ne.

Yayana mai kabu-kabu, a nan ma masu ƙananan motocin haya sun yi irin tsoronka, kuma ba tsoron banza ba ne. Sai dai bas ba ta shiga lungu, kamar yadda ka faɗa da bakinka. Wanda ya sauka a tasha yana bukatar mai ƙarasa da shi gida.

Tsohon Direban Ɗan Isa:

Madalla, Allah ya yi muku albarka duka. Ɗana injiniya, lissafin mutum 20 ɗin nan ya zauna mini, don hiyas cike ma ba ta kai shi ba sai an haɗa da direba da yaron mota. Ke nan irin motar da na ja, a misalinka, ko an ba ta hanya canjaras za a tashi.

Amma bari in faɗa muku inda lokacin motar haya ke tafiya, wannan kam fagena ne. Ba a fe-ruj yake tafiya ba. A tasha yake tafiya, wurin lodi. Mota ba ta ɗagawa sai ta cika, fasinjan farko yakan zauna awa guda ko fiye yana jiran na ƙarshe, ya sayi ruwa ya sha, ya sayi ƙosai ya ci, ya yi barci ya farka. An ɗaga kuma, wannan ya ce a tsaya ya karɓi saƙo, waccan ta ce buhunta na wurin mai awo. Ga shingayen hanya. Mutumin da ya yi asarar awa a tasha, in ka ce ka cece shi daga sakan 25, dariya zai yi maka. Kuma ba mugunta ke sa direba jiran cika ba. Gazuwal daga jikinsa yake fita, kujerar da ta tafi babu kowa shi ya biya ta. Duk wanda ke son bas ta tashi kan lokaci, cike ko ba cike ba, sai ya faɗi wanda zai ɗauki faɗuwar tafiyar ƙarfe goma sha ɗaya na safe, loton da ba kowa. Ma'aikatar magajin gari ce, ko ɗan kasuwa, ko gwamnati? Nan kuɗin gaske suke, akwatin fitila ƙaramin alhaki ne a kansu.

Saboda haka ni inda na tsaya, ban ƙi dabarar ba, kuma ban yarda da ƴan fadarmu masu cewa zalunci ce ba. Mutum sittin su jira mutum goma, shi ma ai ba adalci ba ne, mun saba da shi ne kawai. Amma yau a Maradi babu bas ɗin da za a ba hanyar. A fara samo ta, ko layi ɗaya ne, mu ce daga hanyar Tibiri ta ratsa ta babbar kasuwa ta fita hanyar Ɗan Isa, tana wucewa a kan lokaci har mutane su yarda da ita su daina tsaida babur. In ta cika, ni da kaina zan ce a ba ta tsanwa, ko da adaidaitata ce a tsaye.

Malama, maganarki ta yara babu mai ja da ita. Ɗana na Sabon Gari, taka ta masu sakin babur ita ta fi tsaya mini a rai, don na ga irinta da idona ba sau ɗaya ba.

Abu guda ya hana ni rufe maganar. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara sauke mutane da kaya a bakin garin nan, titunanmu ba za su zauna yadda suke ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Injiniya, akwai abin da ya kamata a yi tun yanzu wanda ba ya cin kuɗi?

Injiniya Ɗan Bagalam, daga Yamai:

Akwai, Baba. Amma in fara da Malama. Lokacin masu ƙafa ba ya cikin abin da ake yanka, in dai aikin na ƙwarai ne. Ana lissafa tafiyar mutum wajen mita 1 zuwa 1.2 a sakan, titi mai faɗin mita 14 ke nan yana son sakan 12 zuwa 14, a gaban lekol kuma ƙarawa ake yi. Ana kulle wannan a cikin akwatin, ko bas ta roƙa ba zai ba ta ba. Maganar masu sakin babur kuwa gaskiya ce, har ta sa inda ake da fitila mai nuna ƙidayar sakan abin ke da wuya, don ba ka nuna wa mutum saura 3 sannan ka ƙara masa 10. A wuri irin namu jan tsanwar da ke kunne ya fi aminci a kan yawan canje-canje, kuma makonnin farko dole da ɗan sanda a wurin.

Marasa tsadar su ne waɗannan. Duk sabon titin da za a shimfiɗa, a bar faɗi a bakin mararraba, ko na mita 50 ne, inda wata rana bas za ta bi ta gefe ta wuce layi ta tsaya a gaba. In an bari aka gina shaguna a wurin, sai da rusau da diyya. Wurin tsayawar bas a sa shi bayan an haye mararraba, don in yana gabanta ba wanda ya san ko sakan nawa lodi zai ci, tsanwar da aka ja sai ta tafi a banza. In za a sayi sabon akwatin fitila, a sayi wanda za a iya ƙara wa wannan aikin daga baya. Sannan ko babu na'urar gane bas, ana iya ƙara wa hanyar da ta fi ɗaukar mutane tsanwa da safe da lokacin tashi daga aiki, saiti ne kawai.

Kafin duk wannan sai an ƙirga, kuma ku ma za ku iya. Yara biyu da littafi da biro, ɗaya a kowace hanya, daga bakwai zuwa takwas da rabi na safe. Kowane abin hawa ya wuce a rubuta irinsa da yawan mutanen da ke kai, masu ƙafa ma a ba su shafinsu. A yi ranar kasuwa, a yi ranar da ba kasuwa. In kun turo mini zan haɗa lissafin in sa a nan kowa ya gani.

Kabu-kabun Sabon Gari:

In za a ƙirga na yarda, amma da sharaɗi. Goyo biyu a rubuta biyu, kada a ce doka ta hana sai a rubuta ɗaya. Kuma ban da safiyar Litinin kaɗai, a zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ga ko wa ke kwashe mutanen garin nan. Alhaji, in yaranka ba su da lokaci, ni zan riƙe littafin hanyar gefe, kai dai ka biya mini kuɗin awa ɗaya da rabin.